Yoyon Baranda A Gidan Bene: Tayil Ba Ya Tare Ruwa

'Yan'uwa, darasinmu na wannan karo ba na gona ba ne, na gini ne. Amma kada wani ya ce ba ruwansa, tun da shi a ɗaki mai rufin kwano yake kwana. Wanda ya shigo Kano ta hanyar Zariya, daga Kura ko Rano ko Tudun Wada, ya wuce Na'ibawa da Unguwa Uku ya doshi Gyadi-Gyadi, zai ga benaye dama da hagu. Haka kuma in ya ratsa cikin Tarauni da Daurawa. Da yawansu fasalinsu ɗaya ne: a sama akwai baranda a buɗe, an shimfiɗa mata tayil, a ƙarƙashinta kuwa falo ne, ko ɗakin kwana, ko shago. 'Ya'yanmu da ƙannenmu da suka zo birni karatu ko neman abinci, a irin ɗakunan nan na ƙasa suke haya. Waɗansu ƙungiyoyi kuma a nan suke kama shago su ajiye buhuna kafin kasuwa ta yi kyau. Ko a ƙauye ma yanzu, in ƙungiya ta sami ɗan hali, sai ka ji ana shawarar a zuba wa ofis ko sito rufin kankare, domin a ɗora bene nan gaba.

Irin wannan baranda tana yawan yoyo, dalilin kuwa shi ne mutane suna tsammani tayil yana tare ruwa. Ba ya tarewa. Tayil riga ce kawai. Abin da ke hana ruwa sauka cikin ɗaki abu uku ne: gangare, da mafita, da shimfiɗar da aka yi a ƙarƙashin tayil ɗin. In ɗaya ta ɓace, ko da wane irin tayil mai tsada aka sa, wanda ke kwana a ƙasa sai ya tara kwano.

Ta ina ruwan yake bi?

Tayil kansa, in mai kyau ne, ruwa ba ya ratsa shi sosai. Amma baranda ba tayil guda ba ce. Tsakanin kowane tayil da ɗan'uwansa akwai tsagi wanda aka cike da farin siminti, shi kuwa yana shan ruwa kamar yadda sabuwar randa take tsattsafo. Ban da haka, ga wahalar da yake sha a Kano. A watan Afrilu zafi yakan kai digiri 40 a inuwa, tayil ɗin da ke rana kuwa ba ka iya taka shi ba takalmi. A Disamba da Janairu, da asuba, sanyin hunturu yakan sauko ƙasa da digiri 15. Kankare yana miƙewa da zafi, yana takurewa da sanyi. Tayil ma haka, amma ba daidai da kankaren ba. Motsin ba yawa: kankare mai tsawon mita 4, in zafinsa ya ƙaru da digiri 30, zai miƙe milimita 1 da 'yan kai. Ido ba ya gani. Amma kullum ana yi, shekara da shekaru, har farin simintin ya tsage ya rabu da gefen tayil. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Da ruwa ya shiga, sai ya tarar da masauki. Masu sa tayil da yawa, domin sauri da tsimin siminti, ba su cika bayan tayil da kwaɓi duka. Sukan ɗora dunƙule a tsakiya da kusurwa huɗu, su danna, su wuce. Ƙarƙashin kuwa duk rami ne. Nan ruwa zai kwanta, rana ba ta ganinsa, iska ba ta busar da shi. Sama ta bushe ƙayau cikin sa'a guda, mai gida ya leƙa ya ce ai ba ruwa, alhali kuwa kududdufi na nan a ɓoye yana neman hanya cikin kankare. Shi ya sa za ku ga an ɗauke ruwa tun jiya, yau kuma da rana tsaka silin yana ɗiga.

Bari mu yi ɗan lissafi, gama mutum ba ya jin tsoron abin da bai auna ba. Ruwan sama milimita 1, in ya zuba a kan fili mita 1 tsawo mita 1 faɗi, lita 1 ke nan. Baranda mai tsawon mita 3 da faɗin mita 2, in aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50 a dare ɗaya, ta karɓi lita 300. Watau jarka 12 irin ta 'yan garuwa mai lita 25. Ruwan Kano a shekara yakan kai milimita 800, wata shekara ya haura 1,000, Agusta ne kuma ya fi kowane wata. Ko a kan 800 muka tsaya, 'yar barandar nan ta karɓi duro 24 kafin kaka. Manya a cikinmu suna tune da Agusta ta 1988, sa'ad da madatsar ruwa ta Bagauda ta ɓalle, gidaje masu yawa kuma suka zube a Kano saboda ruwa. Rufi ba a yin shi domin yayyafi, domin irin wannan shekara ake yin shi.

Magina na dā sun san haka

In kun sami zarafi, ku shiga cikin birni ku dubi tsofaffin soraye, ko Gidan Makama, ko Gidan Ɗan Hausa. Rufin soro ƙasa ce a kan azara, ba siminti ba rodi, duk da haka kakanninmu sun kwana a ƙarƙashinsa damina bayan damina. Mene ne asirinsu?

Da fari, ba su yin rufi a kwance sak. In ba guga aka yi ba, wadda ruwa ke gangarowa ta kowane gefe, to lalle an karkatar da rufin kaɗan wajen mafita. Na biyu, indararo. Sukan sa shi dogo, ya fito ya zarce bango, ya watsa ruwa can nesa da gindin gini. Na uku, shafe. Akwai makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Akwai kuma laso, wanda ya fi ta ƙarko: ana haɗa katsi daga marina, da gashin jima daga majema, da dafara mai yauƙi. Da laso ɗin nan ake shafe cikin rijiyoyin marina irin na Ƙofar Mata su riƙe ruwan baba. Ku lura da aikin gashin nan: shi ke riƙe shafen kada ya tsage in rana ta buge shi, aikin da raga take yi a kayan zamani. Na huɗu kuwa, wanda ya fi duka, kowace shekara kafin ruwa ya sauka mai gida yakan hau soro ya duba, ya toshe tsaga, ya share bakin indararo.

Da siminti ya zo, sai muka ɗauka ya ɗauke mana dukan wannan wahala. A ganina nan ne aka yi asara. Kayan ne suka sake, halin ruwa bai sake ba.

Ɓarnar da yoyo ke yi

Mutane sukan ga tabo a silin, fenti yana kumbura, farin gishiri yana fitowa, su ce abin muni ne kawai, a sake fenti. Ba nan gizo ke saƙa ba. Cikin kankare akwai rodi, shi ne ƙashin rufin. Muddin kankare yana bushe, yana kare rodi daga tsatsa. In ruwa ya riƙa ratsawa, rodi ya soma tsatsa, ita kuwa tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma ninki biyu ko fiye. Sai ta tura kankaren daga ciki har ya fashe. Za ku ga jan layi a silin, sa'an nan tsaga a kan layin, sa'an nan wata rana gutsure ya faɗo. Rodin kuma yana ramewa, ƙarfin rufin yana raguwa.

Akwai baranda iri biyu, ya kamata ku bambanta su. Wadda ke zaune a kan bangayen ɗakin da ke ƙasa, babban rodinta yana wajen ƙasan kankare. Amma wadda ta fito waje tana reto, ba ginshiƙi a ƙarƙashinta, babban rodinta a sama yake, dab da tayil, inda ta haɗu da jikin gida. Shi ruwa zai fara tararwa. Irin wannan in kun ga tsaga a sama ta bi gindin bango, ko bakinta ya sunkuya, kada kowa ya hau, kada kowa ya zauna a ƙarƙashi. Wannan ya wuce birkila. Sai injiniya mai rajista da hukumar injiniyoyi ta ƙasa, watau COREN.

Sa'an nan ga wuta. Wayoyin lantarki a cikin kankaren nan suke bi zuwa fanka da ƙwan fitila. In kun ga ruwa yana ɗiga ta gindin fanka, ku kashe wutar ɗakin daga babban makunni kafin kome. Ga kuma fumfuna, wadda ke tsananta tari da asma ga yara da tsofaffi. Ku masu ajiyar hatsi kuwa kun san sauran. Masara ko gyaɗa in ta sha danshi tana yin fumfuna mai dafi, wanda ake kira aflatoksin, mai lalata hanta, dafuwa kuma ba ta kashe shi. Ɗigo kaɗan a kan buhu uku na sama ya isa ya zubar da darajar kayan ƙungiya duka.

Neman bakin zaren

Inda ruwa ya ɗigo a ƙasa ba lalle nan ne ya shiga a sama ba. Yakan yi tafiya a ƙarƙashin tayil, ko ya bi bututun waya, ya fito a wata kusurwa dabam. Saboda haka kada a fara fasa kome sai an yi bincike.

Tambaya ta fari: da rani ma yana yoyo? In haka ne, ba ruwan sama ba ne. A duba bututun tanki, da na banɗaki, da ruwan na'urar sanyaya ɗaki, a kuma tambaya ko ana wanki a barandar. In da damina kaɗai ne, sai a hau da sanda da alli. A ƙwanƙwasa tayil ɗaya ɗaya. Wanda ya kama sosai ƙararsa a dunƙule take, mai rami kuwa yana amsawa kamar ƙwarya. A sa wa kowane mai rami alama. A kwara bokitin ruwa a tsakiya a ga inda ya nufa. In ya nufi mafita, madalla. In ya tsaya, ko ya nufi ƙofar ɗaki, an sami babban laifi guda.

Wuraren da suka fi cin amana su ne kusurwar da daɓe ya haɗu da bango, da kewayen bakin bututu, da dokin ƙofa, da gindin ƙarafan da aka kafa a bakin baranda, da kan ɗan bangon da ya kewaye ta. A gwada su ɗaya bayan ɗaya, ba a haɗe ba. Yau a zuba ruwa cikin bututu kaɗai, wani ya tsaya a ƙasa yana duba. Gobe a toshe bututun a tara ruwa a daɓen. Jibi a jiƙa bango da ƙofa. In aka yi duka rana ɗaya ruwa ya fito, ba wanda zai san mai laifi.

In an yi sa'a laifin ƙarami ne, misali bututu ne ya fashe, ko leda da ganyen darbejiya suka toshe shi, ko tsaga ɗaya ce a gindin bango, tayil duka kuma suna kame, ga gangare, to gyara kaɗan ya isa. A sāke bututun, a kankare tsohon farin siminti a cika sabo, a matsa gam mai laushi irin wanda ba ya ƙandarewa a kusurwoyi. Wannan yakan ba da hutun damina ɗaya ko biyu. Amma in alli ya cika barandar, ko ruwa yana kwanciya, duk abin da aka shafa a saman tayil asarar kuɗi ce.

Abu biyu nake roƙonku ku ƙi, ko wane ne ya kawo shawarar. Na ɗaya, a shafe silin daga ƙasa da siminti ko fenti mai mai. Wannan kulle ruwa ne a cikin kankare tare da rodi. Na biyu, a zuba sabon daɓe da sabon tayil a kan tsoho. Daɓe mai kaurin santimita 5 yana da nauyin wajen buhun siminti 2 a kowace mita murabba'i. A barandarmu ta misali buhu 12 ke nan aka ɗora wa rufin da ya riga ya raunana, ga tsohon kududdufi yana nan a ƙasa, ga daɓen kuma ya taso ya yi daidai da dokin ƙofa, ruwa ya sami hanyar shiga ɗakin sama.

Babban gyara

Lokacinsa rani ne, daga Nuwamba zuwa Maris. Wanda ya bari sai hadari ya haɗu a Yuni, aikin gaggawa zai samu.

A cire tayil da tsohon kwaɓi duka har a iske kankaren asali. Da guduma da kurfi za a yi, a hankali, ba da babbar guduma ba. A share, a wanke, a bar shi ya sha rana har ya bushe sosai, ko da zai ɗauki mako biyu ko uku. Inda rodi ya bayyana, sama ko ƙasa, a sassaƙe ruɓaɓɓen kankare har bayan rodin, a goge tsatsa da burushin ƙarfe sai ƙarfe ya yi haske, a shafa maganin tsatsa, a cike da kwaɓi mai ƙarfi. In rodin ya rame ƙwarai, ko ana ɓantarar shi da hannu, a tsaya a kira injiniya. Ƙananan tsagogi a buɗe bakinsu kaɗan, a share ƙura, a cike.

Sa'an nan gangare. Ƙa'ida ita ce santimita 2 a kowace mita, watau kwatan inci a kowace ƙafa. In daga ƙofa zuwa mafita mita 2 ne, bakin ƙofa ya fi bakin mafita tudu da santimita 4. Ba sai da na'ura ba. Farin tiyo da aka cika da ruwa ya isa, gama ruwan da ke bakinsa biyu kullum daidai yake tsayawa. A sa alama a bango, a ja igiya, birkila ya bi igiya. Kwaɓin daɓen, buhun siminti 1 ga kwanon sarki 6 na yashi. Yashin kogi mai kaifi ake so, irin wanda tifofi ke kawowa daga wajen Chalawa da Tamburawa, ba mai laka ba. Ku zuba kaɗan a kwalba da ruwa ku girgiza ku ajiye. In laka mai kauri ta kwanta a saman yashin, ku mayar da shi. Siminti kuma in ya yi gudaji, ya sha iska, kada a karɓa. Ana sayar da wani gari da ake zubawa cikin kwaɓi domin rage shan ruwa. Yana taimako, amma in kankare ya tsage shi ma ya tsage, saboda haka kada a dogara gare shi kaɗai.

A kusurwar da daɓe ya haɗu da bango, a cika kwaɓi a lanƙwasa shi kamar cikin ƙwarya, domin shimfiɗar da za a yi kada ta karye a wurin. Mafita kuma, bututu inci 3 ko 4, bakinsa ya zama shi ne wuri mafi kwari a barandar, a daidai daɓen nan, ba a daidai saman tayil ba. Wannan magana ce babba. In bakin bututu ya taso sama da shimfiɗa, ruwan da ya shiga ƙarƙashin tayil ba shi da hanyar fita har abada. Ina kuma ba da shawarar mafita ta biyu, irin indararon dā, a ɗan sama da ta fari amma ƙasa da dokin ƙofa. Ran da leda ta toshe bututu da tsakar dare, ita za ta cece ku.

Hunturu maƙiyin sabon siminti ne, yana shanye ruwansa kafin ya yi ƙarfi. A rufe daɓen da tsofaffin buhunan algarara ko na gwado, a riƙa jiƙa su safe da yamma har kwana 7.

Yanzu sai shimfiɗar hana ruwa, ita ce lason zamani. Iri biyu ake samu a kasuwannin kayan gini irin ta Ƙofar Ruwa. Akwai tabarmar kwalta, mai zuwa a naɗe, wadda ake gasawa da wutar gas tana mannewa. Tana da ƙarko, amma tana da sharuɗɗa. Tilas daɓe ya bushe sarai, in ba haka ba danshi zai taso ya kumbura ta. Tilas a fara shafa ruwan kwalta na share fage. Kowane layi ya hau kan ɗan'uwansa da santimita 10, a kuma fara daga wajen mafita a hauro, yadda ake jera kwanon rufi. Ba a manna tayil a kanta kai tsaye, sai an zuba wani daɓe na kariya santimita 4 ko 5, wanda nauyi ne kuma. Aikin wuta ne, a bar wa wanda ya koya, a ajiye yashi da ruwa kusa, a kori yara.

Iri na biyu gari ne da ruwa kamar madara, ana dama su a shafa da burushi. Ga ƙaramar baranda ni shi na fi so, gama ba wuta, ba nauyi, ana kuma iya manna tayil a kansa. Ana ɗan jiƙa daɓen tukuna, amma kada ruwa ya kwanta. A shafa na fari, a danna raga a kusurwoyi da kewayen bututu da kan tsofaffin tsagogi tun yana ɗanye. In ya kama, a shafa na biyu a gicciye. Da safe ko da yamma ake yi, ba da rana tsaka ba. A nemi irin da aka rubuta yana miƙewa, na waje, a kuma bi awon da ke jikin buhun. Ku tsaya a wurin sa'ad da ake damawa. Lebura in ya ga kayan ba za su kai ba, ruwa zai ƙara, araha kuwa ba ta ado.

Kowanne aka zaɓa, kada ya tsaya a daɓe. Ya hau bango santimita 15 ko fiye a kowane gefe, ya shiga ƙarƙashin dokin ƙofa, ya lanƙwasa ya shiga cikin bakin bututu. Ku ɗauka tire kuke yi mai gefe, ba faifai ba. Domin ya hau bangon, sai an sassaƙe filasta a gindin bango, daga baya a mayar da ita ta rufe bakin shimfiɗar, ruwan da ke gangarowa daga bango kada ya bi ta bayanta. Ƙarafan bakin baranda in da hali a mayar da su gefen kankare ko kan ɗan bango, su daina huda daɓe. Ɗan bangon kuma a yi masa hula mai karkata zuwa ciki. A ƙarƙashin leɓen kankare ta waje a yanka ɗan tsagi, domin ruwa in ya zo nan ya ɗiga ƙasa, kada ya lallaɓa ya koma jikin bango.

Gwaji kafin biya

Kafin a ɗora tayil ko ɗaya, a toshe mafita, a tara ruwa zurfin santimita 3 zuwa 5, a sa alama a bango, a bar shi kwana biyu. Jarka 12 ɗin nan da muka lissafta sun isa. Zai ragu kaɗan saboda rana da iska, wannan ba kome. Abin dubawa shi ne silin na ƙasa, da safe da yamma, da fitila a hannu. In tabo ya fito, gyaransa a ranar aikin sa'a guda ne. In sai bayan an sa tayil aka gani, an koma gidan jiya. Mai aiki zai ce yana sauri, yana da wani aiki a Hotoro. Ku bar shi ya je ya dawo. Tun wajen ciniki a faɗa masa, gaban shaidu, cewa cikon kuɗinsa sai bayan gwajin nan.

Wajen mayar da tayil, a zaɓi mai kaushi na waje wanda ba ya santsi, mai haske kuma, gama baƙi ya fi ɗaukar zafi. A manna da gam ɗin tayil, a baza shi ya cika bayan tayil ɗin duka, ba dunƙule biyar ba. Ku ɗaga ɗaya daga cikin na fari ku duba bayansa. Kada a matse su, a bar tsagi milimita 3 zuwa 5. A gindin bango kewaye, da kuma kowace mita 3 in barandar doguwa ce, kada a cika tsagin da siminti, a sa gam mai laushi, domin tayil ya sami wurin miƙewa da rana. Silin na ƙasa kuwa kada a yi saurin yi masa fenti. A bar shi ya bushe, gara ma a ga damina ɗaya ta wuce.

In haya kuke

Gyaran rufi na mai gida ne. Amma mai gida sau da yawa ba ya kwana a ƙarƙashin yoyon, don haka ba ya jin zafinsa. In ƙungiya za ta kama shago ko ɗaki a ƙarƙashin baranda, a je duba wurin a ɗaga kai sama. Sabon fenti a silin kaɗai, sauran ɗakin kuwa tsoho, alama ce. A tambayi maƙwabta. In aka yarda ƙungiya ta yi gyaran a cire daga kuɗin haya, a rubuta, kowa ya sa hannu, mai unguwa ko dillalin da ya haɗa ku ya shaida. Kafin a yi gyaran, buhuna su hau katako, su bar jikin bango, a rufa musu tamfol daga sama.

Mazauna bene kuma a roƙe su da girmamawa. Kada a yi daka a baranda, taɓarya tana fasa tayil da abin da ke ƙarƙashinsa. Kada a buga ƙusa a daɓe domin igiyar shanya ko faifan talabijin. Kada a ɗora tanki: mai lita 1,000 in ya cika nauyinsa buhun masara 10 ne na kilo 100, a wuri guda. A farkon Mayu a share mafita, a kwara bokiti a ga ya wuce, a duba gam ɗin kusurwoyi, inda ya ɓamɓare a sabunta.

A taronku na gaba ku zaɓi mutum biyu, su ɗauki sanda da alli da bokiti da igiyar awo, su duba sitonku ko ofishinku in rufin kankare ne. Su rubuto tsawo da faɗi, da yawan tayil masu rami, da inda ruwa ya nufa, da girman bututu. Da wannan takarda za ku je wurin mai gida ko magini, a yi ciniki tun kuɗin kaka suna hannu.